AFUWA GA 'YAN DABA: ABIN DA HUKUMA ZA TA IYA YAFEWA DA ABIN DA BA NATA BA NE

 Maganar da za mu yi a wannan mako ita ce ta samarin nan da ake kira 'yan daba, da kuma afuwar da gwamnatoci suka saba yi musu lokaci bayan lokaci. Duk wanda yake da rumfa a kasuwannin cikin birnin Kano, ko kuwa yake komawa gida daga ofis bayan magariba da waya a aljihu, ba ya bukatar a yi masa bayanin ko su wane ne. A Bauci sunansu sara-suka, a Gwambe kalare, a Katsina ƙauraye, a Kaduna 'yan shara. Mu dai za mu fi tsayawa a Kano, domin nan ne abin ya fi daɗewa, kuma nan ne aka fi gwada masa magunguna iri iri.

Ita kalmar daba ba ta ɓatanci ba ce tun asali. Wuri ne da mafarauta suke haɗuwa, kowace unguwa da nata, a shirya fita daji da rani, a dawo a raba nama. A cikinsu akwai 'yan tauri, waɗanda suka sha magani suna gwada wuƙa a jikinsu ranar biki. Akan yi faɗa a dawa saboda zomo ko gada, amma akasari a dawa yake ƙarewa. Siyasa ce ta shigo da wuƙar cikin gari. Bayan kafa NEPU a 1950, da gāba ta yi tsanani tsakaninta da NPC, sai kowane ɓangare ya nemi ƙarti masu tsare masa taro da masu watsa na abokin hamayya. A wannan zamani ne aka ji sunan Jam'iyyar Mahaukata a Kano, kuma a nan kalmar banga ta shiga bakin Hausawa. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979 abin ya dawo da ƙarfinsa, musamman bayan da PRP ta rabu gida biyu, santsi da taɓo. Dattawa ba su manta da ranar 10 ga Yuli, 1981 ba, ranar da aka ƙone gine-ginen gwamnati a Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan harkokin siyasa.

Da soja suka karɓi mulki a ƙarshen 1983 sai iyayen gidan suka watse, suka bar yaran da makamai da sabo da kuɗin banza. Sa'an nan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka yi ta rage ma'aikata, wasu suka rufe ɗungum. A shekarun nan ne aka yi fama da 'yan ɗaukar amarya, masu sace mata da tsakar rana. Daga baya ƙwaya ta daɗa rura wutar: sholisho, da wiwi, da tiramol, da ruwan maganin tari mai kodin, wanda sai a 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. A wannan shekara ce kuma binciken da ofishin ƙididdiga na ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi.

MAGUNGUNAN DA AKA GWADA

Hukuma tana da hannu biyu a kan wannan al'amari, ɗaya da sanda, ɗaya da goro. Hannun sanda kowa ya san shi: a yi samame, a jera yara gaban 'yan jarida da tarin adduna da barandami, a kai kotu. A watan Mayu na 2023, da ƙwacen waya ya kai ga ana soke mutane har lahira a kan titi, majalisar tsaro ta Jihar Kano ta ce daga nan duk wanda ya ƙwaci waya da makami za a ɗauke shi ɗan fashi.

Hannun goro shi ne afuwa. An yi ta a Bauci ga 'yan sara-suka a zamanin Gwamna Isa Yuguda. An yi a Gwambe bayan 2011, inda gwamnatin Ibrahim Hassan Ɗankwambo ta ɗebi 'yan kalare ta ba su horo, ta sa musu kayan sarki suna ba da hannu a titi suna duba tsabtar gari. A Kano, a 2023, kwamishinan 'yan sanda na lokacin, Muhammad Usaini Gumel, ya kira manyan 'yan daba da sunayensu, ya ce su zo su ajiye makami. Aka ba da sanarwar cewa 222 sun tuba, har aka buga ƙwallo tsakaninsu da 'yan sanda. Kafin shekarar ta ƙare aka ɗauki 50 daga cikinsu aikin 'yan sandan sa-kai, waɗanda muka fi sani da 'yan sandan sarauniya, abin da ya jawo surutu har Abuja. A 2025 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta buɗe wani sabon shiri na karɓar tubabbu, da rubuta sunayensu, da miƙa su ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi don a gwada su a yi musu magani.

Ni ba na cikin masu yi wa wannan dariya. Wanda ya jawo saurayi ɗaya daga daba ya tsare jinin mutane da yawa, kuma ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne babban jami'i ya zauna da waɗanda jiya yake farauta. Amma tambayar da ya kamata a yi ita ce, me ya sa ake ta maimaita afuwar? Da ta farko ta yi magani, da ba a bukaci ta biyu ba. Bayan bikin 2023 ba a daɗe ba aka sake jin faɗa a wajejen Ƙofar Mata da Yakasai da Ɗorayi da Kurna, 'yan kasuwa suna ja da ƙofofin rumfunansu da hantsi. A ganina akwai wata ƙafa da afuwar take rasawa kullum, kuma malaman fiƙihunmu sun daɗe da nuna inda take.

INDA AFUWA TA SAMO ASALI

Mai karatu ya sani cewa karɓar tuban ɗan fashi ba baƙon abu ba ne a shari'a. Aya ta 33 a Suratul Ma'ida ita ce ta zo da hukuncin masu tare hanya da yaɗa ɓarna a bayan ƙasa, wanda malamai suke kira hiraba, kuma yana daga cikin mafi tsananin hukunce-hukunce. Aya ta 34 da ke biye da ita sai ta keɓe waɗanda suka tuba kafin hukuma ta sami iko a kansu. Malaman tafsiri sun kawo labarin Harisa ɗan Badar, mutumin Basra, wanda ya yi ɓarna sa'an nan ya nemi aminci a zamanin Sayyidina Aliyu, aka kuwa ba shi. Hikimar a fili take: idan mai makami ya san ko ya tuba kashe shi za a yi, to, ba abin da zai sa ya sauko.

Amma fa a lura da sharuɗɗa biyu. Na farko, tuban ya zama kafin kamu. Wanda aka cafke da jini a rigarsa sa'an nan ya ce ya tuba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba ya kawar da hukunci. Na biyu, wanda shi ne zuciyar maganarmu, tuban yana kawar da haƙƙin Allah ne kawai, watau haddin hiraba. Haƙƙin mutane, na jini da na dukiya, yana nan daram. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kusan kowane almajirin zaure a ƙasar nan ya karanta. Ma'anarsa ita ce, idan ɗan fashi ya zo da ƙafarsa ya ajiye adda, shugaba ba zai yanke masa hannu da ƙafa ba, amma wanda aka ƙwace wa waya yana da ikon ya nemi wayarsa ko kuɗinta, wanda aka sare wa yatsu yana da ikon ƙisasi ko diyya, magadan wanda aka kashe kuwa su ne masu cewa a kashe, ko a biya, ko sun yafe. Gwamna ba shi da wannan magana, kwamishina ma haka, domin ba wanda yake kyauta da kayan da ba nasa ba.

To, a duba yadda bukukuwan afuwarmu suke gudana. Ana kafa rumfa, manyan baƙi su zauna, tubabbu su jeru da fararen riguna, a ɗaga Alƙur'ani a yi rantsuwa, a yi alkawarin jari da keken ɗinki. A cikin jerin kujerun nan ina kujerar matar da aka kashe wa miji a kan wayar dubu talatin? Ina ta ɗan acaɓar da hannunsa ya shanye? Waɗannan a rediyo suke jin labari. Gobe kuma su ga wanda ya yi musu ɓarnar yana yawo a unguwa, wataƙila ma da kaki a jikinsa. Ƙanin mamacin da ya ga haka, me ake tsammani zai yi? Zai je ya nemi wuƙa, ya nemi dabar da za ta tsaya masa. Mafi yawan faɗan unguwanni da muke gani ramuwar gayya ce, wani jini ne da ba a biya ba shekara biyu ko biyar da suka wuce. Afuwar da ta tsallake masu haƙƙi tana rufe miki ne da ruɓa a ciki.

Akwai wani bambanci kuma da ya kamata alƙalai da jami'ai su riƙa yi. Ba kowane aikin daba ne hiraba ba. Imam Malik, saɓanin Imam Abu Hanifa, yana ganin ana yin hiraba a cikin gari kamar yadda ake yi a daji, kuma Muhtasar na Shaihu Halil ya shigar da wanda ya tare mutum a lungu ko ya faɗa masa gida, da dare ko da rana, ya yaƙe shi don ya karɓi dukiyarsa. Saboda haka shawarar da aka yanke a 2023 game da masu ƙwacen waya ta dace da mazhabarmu sarai. Amma faɗan da unguwa take yi da unguwa saboda gāba, malamai ba su sa shi a babin hiraba ba, babin jini da raunuka ne. A nan kuwa rabon hukuma a wajen yafewa ya fi ƙanƙanta, tun da kusan dukan haƙƙin na mutane ne. Har ma Malikawa sun ce wanda ya yi kisa da gangan, ko da magada sun yafe masa, sai an yi masa bulala 100 an ɗaure shi shekara guda.

Wani zai ce, ai a cikin rububin faɗa ba a sanin wanda ya yi saran. Wannan ma an amsa shi tun ƙarni na biyu na Hijira. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya yi magana a kan ƙungiyoyi biyu da suka gwabza suka watse, aka sami gawa ko mai rauni ba a san wanda ya yi ba. Ya ce diyyarsa tana kan ƙungiyar da ta yaƙi tasu. Idan kuwa mai wucewa ne, ba ya cikin kowa, to, diyyar tana kan ɓangarorin biyu gaba ɗaya. Ku dubi yadda wannan ya yi daidai da halinmu, inda sau da yawa wanda ake kashewa ɗan makaranta ne ko mai tura kurar ruwa da tsautsayi ya biyo da shi. Da a ce duk ran da aka yi faɗa an san cewa kuɗi zai fito daga aljihun waɗanda suka yi da masu ɗaure musu gindi, da iyaye da masu unguwanni ba su riƙa ɓoye yara a ƙarƙashin gado ba.

UBAN GIDA

Mu zo ga wanda ba a taɓa gani a layin tubabbu ba. Tarihin da muka kawo a sama ya nuna daba ba ta girma sai da mai ciyar da ita. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta rahoto a 2007 wanda ya yi bayanin yadda 'yan siyasa suka yi kiwon kalare a Gwambe. A zaɓen cike gurbi na gwamnan Kano ranar 23 ga Maris, 2019, masu sa ido na gida da na waje sun ba da labarin samari ɗauke da makamai a mazaɓar Gama da wasu wurare. Ba na ɗora wa jam'iyya ɗaya, domin tun daga 1950 babu wadda hannunta ya fita da tsabta. Abin mamaki shi ne tsarin mulkin 1999, a sashe na 227, ya hana kowace ƙungiya ta tara mutane ko ta ba su horo ko kayan aiki don a yi amfani da ƙarfi wajen cimma burin siyasa. Doka tana nan a rubuce. Mai karatu ya tambayi kansa ko manyan mutane nawa ya taɓa ji an ɗaure saboda ita.

Fiƙihu bai bar uban gida ya sulale ba. A babin hiraba ana kashe jama'a saboda mutum ɗaya ko da ɗayansu ne ya yi kisan da hannunsa, kuma kowane ɗayansu yana lamunin dukan abin da aka ƙwata. Masu sharhin Muhtasar, irin su Shaihu Dardir, sun faɗaɗa ma'anar taimako har ta haɗa da wanda bai ɗaga makami ba, amma da alfarmarsa aka yi ƙarfin halin yin kisan. Wannan ita ce siffar mutumin da yaro yake sara yana cewa ko an kama ni kafin la'asar za a sake ni. A babin ƙisasi kuma, uba ko malamin da ya umurci ƙaramin yaro ya yi kisa, shi ake kashewa, ba yaron ba. To, ina ga wanda ya saya wa yara ƙwaya, ya cika mota da su, ya nuna musu rumfar zaɓe?

A nan dole in juyo gare ku, 'yan'uwana ma'aikata da 'yan kasuwa, don uban gida ba ɗan siyasa ne kaɗai ba. Ma'aikacin da aka buga wa waya daga sama ya sa hannu a saki yaro ba tare da bincike ba, ya shiga cikin alfarmar nan. Wanda aka ba aikin rubuta sunayen tubabbu ya cusa 'ya'yan 'yan'uwansa don su sami jari, ya ci amanar tubabbun da ta jama'a. Ɗan kasuwar da aka kawo wa waya ta dubu ɗari a ce ya ba da dubu ashirin, babu kwali babu rasit, ya san daga inda ta fito. Da babu mai saye, da ba a soki kowa saboda waya ba.

YARON DA BAI BALAGA BA

Da yawa daga cikin waɗanda ake kamawa yara ne 'yan shekara 14 ko 15. Shari'a ba ta tsayar da haddi ko ƙisasi a kan wanda bai balaga ba. Gangancinsa ana ɗaukar sa kuskure, diyya ta hau kan danginsa na wajen uba, shi kuma a ladabtar da shi. Idan alamun balaga ba su bayyana ba, mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne a jira shekara 18, kuma wannan ita ce iyakar da dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta sa. Kano ta yi tata dokar kare yara a 2023.

Sai dai ladabtarwa tana bukatar wuri. Gidajen horon matasa na gwamnatin tarayya da aka daɗe da sani uku ne, a Kaduna da Ilori da Abekuta, na Kaduna tun 1962. Kano tana da gidan ajiye yara a Goron Dutse, da makarantar gyaran hali ta Ƙiru. Wannan bai kai cikin cokali ba a jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Arewa. Saboda haka yaron da ya saci kaza yakan kwana ɗaki ɗaya da wanda ya yi kisa, ya fito da sabon ilimi da sababbin abokai. Iyayen da suka rasa yadda za su yi sukan kai 'ya'yansu makarantun mari, kuma kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. An rufe irin waɗannan wurare da dama a lokacin, abin da ya dace, amma ba a gina abin da zai maye gurbinsu daidai da bukata ba.

Abin da nake roƙon hukuma shi ne, in za a sake yin afuwa, a fara ta daga zauren alƙali kafin a je filin taro. Kano tana da kotunan shari'a da dokar hukunta laifuka ta Musulunci tun 2000, tana da Hisba wadda ta saba da sulhu, tana da masu unguwanni da limamai waɗanda suka san kowane gida. Kowane mai tuba ya zo da waliyyinsa, ya faɗi abin da ya ɗauka da wanda ya raunata, a sanar a unguwa cewa mai haƙƙi ya fito cikin wa'adi. Wanda ya yafe don Allah a rubuta, wanda ya nemi diyya a ƙayyade masa. Kuɗin da ake kashewa wajen rumfuna da riguna da abincin manyan baƙi a zuba shi a asusun biyan waɗannan haƙƙoƙi, masu hali su taimaka, tun da mai bashin da ya kasa biya yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka. Sauran kuma tubabben ya biya da guminsa, a riƙa cira daga abin da yake samu wata wata. Wanda akwai jini a wuyansa, magada ba su yafe ba, kada a sa masa kaki, a kai maganarsa gaban alƙali. Sa'an nan a tambayi kowannensu, a rubuce, wa yake ba shi kuɗi ranar zaɓe, a miƙa takardar ga babban lauyan gwamnati.

Wanda ya bi ta wannan ƙofa ya fito da takardar alƙali a hannunsa, shi ne ɗan kasuwar Kwari ko Singa ko Kurmi zai iya ɗauka yaron shago ya ba shi mabuɗi, kamar yadda iyayen gidanmu suka ɗauki da yawa daga cikinku kuna 'yan shekara goma sha, suka riƙe ku har suka sallame ku da jari.